Wai me ya tayar da mutanen ƙauyen Wharram Percy?

Ɗan Ajin Tarihi:
Salamu alaikum jama'a, malaminmu ya ambaci wani kufai a Yokshiya ta Ingila wai Wharram Percy, masu haƙar kayan tarihi sun fi shekara 30 suna tono a wajen. Annoba ce ta ƙarar da mutanen ko yaya?

Yaya Babba:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Annobar 1348 zuwa 1349 ta taɓa su gaskiya amma ba ita ta kashe garin ba, tumaki ne! Ulu ya yi kuɗi, masu ƙasar suka ga kiwo ya fi noma riba sai suka dinga sallamar manoma, wajen shekarar 1500 garin ya zama wurin kiwo. Maurice Beresford da John Hurst ne suka ja ragamar tonon daga wajen 1950 har 1990.

Maman Biyu:
Ni maƙabartar cocin garin, St Martin, ta fi ɗaukar min hankali, ƙasusuwan mutum kusan 700 aka tono kuma daga ƙashin yara aka gane ana shayar da jariri kamar wata 18 kafin yaye, ikon Allah. Cocin kuwa bai mutu tare da garin ba, ƙauyukan gefe irin su Thixendale sun ci gaba da zuwa ibada, hasumiyarsa ma sai 1959 wani ɓangare ya rufto.

Ɗan Ajin Tarihi:
Kai, ashe tumaki! Na gode Yaya, na gode Mama. Gobe zan kai wa malam wannan.