Tsakanin raini da ruɗuwa: yaya ya kamata mu ɗauki koyarwar gargajiya da ta "sabon zamani"?

Malamin Tarihi, Marwa

Assalamu alaikum. Abubuwa biyu ne suka same ni a cikin wata guda, kuma tun daga lokacin tambayar da suka bar mini take ci mini tuwo a ƙwarya.

A hutun da ya wuce wani abokin aikina ɗan ƙabilar Kapsiki ya gayyace ni garinsu Rumsiki, can cikin duwatsun Mandara kusa da iyakar Najeriya. Ya kai ni wurin tsohon da ke duba da ƙaguwa. Tsohon yakan zuba yashi da ruwa a kasko, ya jera 'yan itatuwa da ɓaraguzan ƙwarya, ya saka ƙaguwar ya rufe, bayan ɗan lokaci ya buɗe ya karanta amsa daga yadda ta hargitsa kayan. Da na ga haka sai dariya ta kuɓuce mini a gabansa. Abokina bai ce uffan ba, sai da muka kusa Mokolo a hanyar dawowa ya gaya mini cewa su daga gidan maƙera suke, kuma kakansa ma wannan aikin duban ya yi har ya rasu. Shi kansa Kirista ne kuma ba ya zuwa duba, amma na ga yadda abin ya sosa masa rai.

Ba a yi mako uku ba sai ƙanwata, wadda ta gama jami'a ba ta sami aiki ba, ta nuna mini darussan da wani mutum ke aiko musu ta WhatsApp a kan kuɗin da suke biya duk wata. Yana koya musu cewa tunanin mutum na janyo masa arziki ko tsiya kamar maganaɗisu, cewa akwai ƙofofi bakwai a jiki da ake kira cakra, kuma wasu duwatsu masu ƙyalli na tsarkake "enerji". Na zauna na saurara da natsuwa kusan awa biyu ban yi dariya ba, saboda da Faransanci mai kyau yake magana kuma yana ta ambaton kalmomin kimiyya.

Daga baya ne na lura cewa ba ni da hujjar gaskata ko ɗaya daga cikinsu, amma na raina na kusa kuma na girmama na nesa. Tambayata ita ce, ta yaya mutum zai riƙe hankalinsa da addininsa ba tare da ya wulaƙanta maƙwabcinsa ba, kuma ta yaya zai girmama mutane ba tare da an mai da shi saniyar tatsa ba?

Dattijon Garwa

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka ji nauyin abin da ka yi, domin da yawa ba sa ji.

Game da aƙida babu wani lauje cikin naɗi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana arba'in, kuma wannan bai bambanta mai ƙaguwa da mai bugun ƙasa da mai karanta taurari a waya ba. Mutumin da ya ce wa ƙanwarka tunaninta ne ke ƙaga mata rabo ya taɓa babin ƙaddara, ko ya sani ko bai sani ba. Amma Alƙur'anin da ya hana mu bin waɗannan shi ne kuma ya hana mu zagin abin da wasu ke kira koma bayan Allah, a aya ta 108 ta suratul An'am, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Dariyar raini 'yar'uwar zagi ce, wani lokaci ma ta fi shi ciwo, tunda ba ta barin wurin ramawa.

Hadisin da nake so ka riƙe shi ne na Aufu ɗan Malik. Ya ce sun kasance suna yin tofi a zamanin jahiliyya, sai suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, me yake gani a kai. Bai ce su watsar da komai ba, bai kuma ce su ci gaba da komai ba. Cewa ya yi su bijiro masa da tofin nasu, kuma babu laifi a tofi muddin babu shirka a cikinsa. Ka lura da tsarin: an fara saurare, sannan aka auna, sannan aka yanke hukunci. Kai kuwa a Rumsiki ka yanke hukunci kafin ka saurara, a gida kuma ka saurara amma ba ka auna ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan lamari, tunda bori na cikin gidajenmu, da girkarsa da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ba da tsangwama ta janyo matan karkara ba. Ta kafa 'yan taru, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye da waƙoƙin karatu, ta ba mata wurin taruwa da abin dogaro a madadin wanda suka saba.

Ma'aikaciyar Jinya, Njamena

Baffa ya yi maganar aƙida, ni kuma zan tsaya inda na sani, wato jiki.

Malam, a ganina kowace koyarwa irin wannan tana ɗauke da kaya iri biyu a buhu ɗaya. Akwai maganar gaibu, wadda ba a auna ta a ɗakin gwaji, akwai kuma da'awa game da duniyar da muke taɓawa, kamar a ce wannan saiwa na sauke zazzaɓi ko wannan dutse na rage hawan jini. Ta biyun ana iya gwada ta, kuma gwada ta ba cin mutuncin kowa ba ne. Ni ma dai gwajin nake ɗauka a matsayin girmamawa mafi girma, domin abin da ka ɗauka da muhimmanci ne kake ɓata lokaci kana bincikensa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau a asibitocin Chadi da Kamaru tushensa ganyen tazargade ne na ƙasar Sin. Malama Tu Yuyu da abokan aikinta sun tattara hanyoyin magani na gargajiya fiye da 2,000, kusan duk waɗanda suka gwada suka faɗi a gwajin, sai wani littafi na ƙarni na 4 da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse ya ankarar da ita cewa zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Da ta raina magabata da ba ta buɗe littafin ba, da kuma ta gaskata duk abin da suka rubuta da har yanzu tana raba jiƙo iri dubu biyu. Ko a yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin tazargade a madadin ƙwayoyin ba, saboda ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi a wurin aiki kuwa shi ne abin da ake nema daga gare ka. Idan tsohuwa ta shafa wa jikanta man darbejiya ta yi masa addu'a, ba na ɗaga mata murya. Idan aka ce wa mai ciwon sukari ya ajiye allurarsa, ko aka ce yaro mai farfaɗiya iska ce a kansa don haka kada a kai shi asibiti, to a nan ladabi ba ya nufin yin shiru. Na ga yaron da ya faɗa wuta a lokacin da ciwon ya buge shi, bayan an shafe shekara ana yi masa hayaƙi, alhali ƙwayar da za ta tsare shi tana da araha. Ka tambayi ƙanwarka abu uku: nawa ta biya zuwa yanzu, me aka ce za ta gani kuma yaushe, sannan idan ba ta gani ba laifin wa za a ce. Idan amsar ta ƙarshe ita ce laifinta ne don ba ta yi imani sosai ba, to koyarwar ta toshe duk ƙofar da za a iya kama ta da kuskure.

Ɗan Kasuwar Mokolo

Adda, na yarda da rabin maganarki, amma akwai inda nake da ja. Mahaifina Bahaushe ne, mahaifiyata kuwa 'yar ƙabilar Mafa ce da ta musulunta, don haka na taso ina jin ɓangarorin biyu.

Idan muka ce za mu ɗauki saiwar mu zubar da sauran, mutanen dutse za su ji cewa mun mai da rayuwarsu kantin magani. A wurin kawunnaina ba a raba noma da ibada da zumunci. Bikin Maray, wanda ake kiwata sa a cikin ɗaki a yanka shi duk bayan 'yan shekaru, shi ne lokacin da ake tuna kakanni, ake sasanta dangi, ake kuma raba nama ga kowa. Maƙera ne ke binne matattu, matansu ke ginin tukwane, kuma mutanen da suka riƙe wannan tsari su ne suka jera duwatsu suka mai da gangaren tsauni gonaki hawa-hawa da ke riƙe ƙasa da ruwa tun ɗaruruwan shekaru. A hayin Najeriya irin wannan aiki ne ya sa hukumar UNESCO ta saka Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Akwai kuma abin da Malam, a matsayinsa na malamin tarihi, ya fi ni sani. Dariyarmu ba ta isa kunnensu ita kaɗai. Tana isa tare da kalmar "kirdi", wato arna, da aka daɗe ana jifansu da ita, da kuma tunawa da hare-haren kamun bayi irin na Hamman Yaji, sarkin Madagali, wanda shi da kansa ya sa aka rubuta su a kundinsa daga 1912 zuwa 1927. Wannan ba tarihi mai nisa ba ne, kakannin mutanen da muke ciniki da su yau ne abin ya shafa. Shi ya sa ban yarda a ɗora mai ƙaguwa da mai darasin WhatsApp a sikeli ɗaya ba. Na farko yana zaune cikin mutanen da suka san shi, suka san ubansa, kuma idan ya cuce su gobe za su haɗu a kasuwa. Na biyu lambar waya ce kawai. Ni ba na zuwa duba kuma na gaya wa kawunnaina dalili, amma ina cin abinci a gidansu, ina zuwa gaisuwar mutuwarsu, kuma ban taɓa jin cewa imanina ya ragu da haka ba.

Ɗalibar Shari'a, Gaundare

Yaya na Mokolo, maganarka ta ƙarshe ta tuna mini da wani abu. Koyarwar nan da Turawa ke kira ta "sabon zamani" ta bunƙasa ne a Amurka da Ingila a shekarun 1970, kuma yawancin kayanta aro ne: cakra daga Indiya, reiki, wato neman waraka ta ɗora hannu, daga Japan inda aka fara shi a 1922, wasu al'adu kuma daga 'yan asalin Amurka. Masu kayan ba su ji daɗin aron ba, har a 1993 shugabannin ƙabilar Lakota suka fitar da sanarwar yaƙi da masu kasuwanci da addininsu. A 2009 mutum uku suka mutu a jihar Arizona sakamakon shiga bukkar zufa da wani mai koyar da sirrin nasara ya kwaikwaya daga wurinsu, bayan sun biya kuɗi masu yawa, kuma kotu ta ɗaure shi. Saboda haka shakkar irin waɗannan mutane wani lokaci kare mutuncin masu gargajiya ne.

Sai dai ina roƙon kada mu wanke gargajiya tas don kawai an zalunci masu ita. Zama cikin jama'a ba ya hana cuta, wani lokaci ma jama'ar ce ke aikata ta. Kalma ɗaya daga bakin mai duba ta isa ta sa a kira tsohuwa mayya, a kore ta daga gidan da ta haifi 'ya'ya a ciki, kuma wannan na faruwa a tsakaninmu Hausawa kamar yadda yake faruwa a wurin wasu. Sashe na 251 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga wanda ya yi sihiri ko duba da zai iya tada hankalin jama'a ko cutar da wani, amma da wuya wannan ya amfani wadda aka zarga, domin dokar kanta na iya juyowa kanta. A irin wannan wuri dole ne a tsaya tare da tsohuwar, ko da za a ce an raina al'ada.

Malamin Tarihi, Marwa

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baffa, na kira abokina jiya na ba shi haƙuri, kuma na gaya masa cewa ra'ayina game da duba bai canja ba, dariyar ce nake nadama. Ya ce idan na sake zuwa zai kai ni wurin baffansa in ga yadda ake ƙira, kuma na amsa.

Adda, na yi wa ƙanwata tambayoyin nan uku. Ta amsa biyu na farko, a ta ukun kuma ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce in ba ta lokaci. Kuɗin wata mai zuwa ranar 5 ake biya, kuma mun yi alkawarin sake zama da ita da mahaifiyarmu kafin ranar.