Hajiya za ta zo daga Kano, na kama gida a Ballyhaunis, ina zan kai ta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Surukata za ta zo mana ƙarshen watan Yuli, zuwanta na farko tun da muka taho Ailan. Ilham ma a waya kawai ta san ta. Ni da Hajiya ba ma faɗa, amma kun dai san yadda abin yake. Tun farko 'yar ƙanwarta ta so a haɗa da maigidana, Allah bai yi ba. Har yau in muka yi waya sai ta tambaya ko ina tuƙa masa tuwo ko burodi yake kwana da shi. Bara ƙanin maigida ya kai ta Dubai, wata uku tana ba da labari, har ni ta turo wa hotuna. To ba na so ta koma ta ce a ɗaki muka kulle ta.

Gidanmu a Dublin ciki ɗaya ne da falo. Maigida aikin dare yake, ya ce in tsara komai. Sai na kama gida mai kicin a Ballyhaunis, yankin Mayo, saboda na ji akwai masallaci da naman halal. Na riga na biya, kuma ba a mayar da kuɗi. Jiya na faɗa wa wata 'yar ƙasar da muke aiki tare, ta yi dariya ta ce me za mu gani a can. Tun jiyan ban yi barci ba. Ba mu da mota, Hajiya kuma tana da ciwon gwiwa. Ina zan kai ta?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Kwana nawa za ku yi, ku nawa ne, nawa kuka ware? Ba ki faɗa ba.

Kawu Sani:
'Yata, da kin tambaya kafin ki biya. Na daɗe a ƙasar nan, babu lungun Mayo da ban shiga ba. Ballyhaunis garin ma'aikata ne, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Gaskiya ne masallacinsu shi ne na farko da aka gina musamman don sallah a duk ƙasar, wani ɗan kasuwa ɗan Pakistan mai kamfanin yanka ya gina shi a shekarun 1980. Amma in kun yi sallah kun sayi nama, shi ke nan, kun gama garin. Westport ake kai baƙo. Kogi ya ratsa tsakiyar gari, bishiyoyi jere a gefensa, ga bencina, ga shaguna, Hajiya ta zauna ta sha kallo ba tare da ta wahalar da gwiwa ba. Daga bakin ruwa kuma ana hango tsibiran Clew Bay, waɗanda mutanen wurin ke cewa 365 ne, kowace rana da nata. Ki haƙura da kuɗin nan, ki ɗauka sadaka kika yi.

Maman Ilham:
Kawu na gode, amma ba ka san Hajiya ba. Matar da ko a Kano ba ta cin naman da ba ta san mahaucin ba. In na kai ta inda babu masallaci, kafin jirgi ya sauka a Kano labari ya riga shi.

Ummu Khalil:
Ni dai duk inda za ku, kar ki kuskura ki kai ta gidajen nan na B&B, masu ba baƙi wurin kwana da karin kumallo. Shekaran bara muka kwana a wani, matar gidan mai fara'a kamar me, amma muna buɗe ƙofa wani ƙaton kare ya taho ya ɗora min ƙafafu a hijabi. Ta ce ai wasa yake. Da safe aka kawo karin kumallo, ga naman alade iri biyu, ga wani baƙin abu zagayayye da na ɗauka ƙosai ne ya ƙone, ashe da jinin alade ake yin sa. Maigidana ya zauna yana dariya maimakon ya yi magana. Dama shi haka yake, duk abin da ya same ni a gaban mutane sai ya mayar da shi raha. Ranar shayi da burodi na yi tafiyar wuni. Gidan mai kicin kin yi daidai. Ki tafi da buta.

Kawu Sani:
Laifinku ne Ummu Khalil. Ana faɗa musu tun daren, su soya miki ƙwai a kasko daban, su ba ki kifi. Ni ban taɓa samun matsala ba.

Anti Ladi:
Ƙanwata kar ki bari a tsorata ki. Knock na nan kusa da ku, kamar kilomita 11. Wurin ziyararmu ne na Katolika tun 1879, Fafaroma John Paul na biyu ya je a 1979. Ban ce ku shiga coci ba, amma harabar shimfiɗaɗɗiya ce, ga furanni, tsoho zai ji daɗin tafiya. Kuma in Hajiya 'yar cikin Kano ce ta san makarantar St. Louis. Sistocin Ailan ne suka kafa ta, kuma suna da tsohon gida a Kiltimagh, nan gaba kaɗan. Wannan ma abin hira ne.

Abu Hafsa:
Anti Ladi da girmanki, surukar da ake lallaɓawa za a ɗauka a kai wurin ziyarar coci? So kike a ce wa yarinya ta tattara kayanta?

Anti Ladi:
Shawara aka nema, na bayar. Wanda bai so ba ya bari.

Baban Yusra:
Mu koma kan magana. Maman Ilham, abin da ya cece ki shi ne jirgin ƙasa. Wanda ke tashi daga tashar Heuston a Dublin zuwa Westport yana tsayawa a Ballyhaunis, sannan Claremorris, sannan Castlebar. Ke nan kuna iya kwana a gidan da kika biya, ku tafi Westport da safe ku dawo da yamma. Sai dai jiragen ba su da yawa a rana, ki duba na ƙarshe da kyau.

Wurin da nake ganin zai fi burge ta shi ne gidan tarihin rayuwar karkara da ke Turlough, ɗan nesa kaɗan da Castlebar, tasi za ku hau. Shiga kyauta ne. Na kai mahaifiyata, na ɗauka minti talatin za mu yi, muka kusa awa uku. Ta tsaya gaban wani kwando da aka saƙa da hannu ta ce wallahi irin saƙar garinsu ce. Ta ga tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ta ga yadda suke rufin ɗaki da ciyawa, ta ga abin kaɗa madara a fitar da mai, ta juyo ta ce min, "Ashe Turawan ma sun sha wuya." Har yau wannan take ba da labari, ba dogayen gine-gine ba.

Kawu Sani:
Wa zai taso daga Kano ya zo kallon kwando? Ku kai ta gindin Croagh Patrick, dutsen nan mai tsayin mita 764, tafiyar 'yan mintuna daga Westport. Ba hawa za ta yi ba. A gindin akwai wani jirgin ruwa na ƙarfe mai ƙasusuwan mutane, na tunawa da yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya. Daga nan ku wuce tsibirin Achill, akwai gada, har bakin tekun Keem. Wanda bai ga Keem ba bai zo Mayo ba. In kuma Dubai kike so ki goge, ga ƙasaitaccen otal ɗin Ashford Castle a Cong.

Ummu Khalil:
Kawu, Ashford? Kwana ɗaya can sai albashin wata ya girgiza. Hanyar Keem kuma a gefen dutse take, teku na ƙasa, ni idona a rufe aka wuce da ni. Tsohuwa mai hawan jini fa?

Maman Ilham:
Ban ce tana da hawan jini ba, gwiwa na ce. Kuma na faɗa ba mu da mota.

Kawu Sani:
Ku yi haya mana.

Maman Ilham:
Maigida bai gama karɓar lasisin nan ba Kawu.

Baban Yusra:
Ki kuma lura da Lahadin ƙarshe ta Yuli, ranar ce dubban masu ziyara ke hawa Croagh Patrick, hanyar cushewa take. Sannan ki shirya Hajiya kan lokacin sallah, a watan nan sai kusan goma na dare rana ke faɗuwa a can. Ki sa ta taho da rigar sanyi ko da an ce bazara ce, ruwa ba ya sallama.

Abu Hafsa:
Ku dai kun ji daɗi an ba ta biza. Ni sau biyu ana hana mahaifiyata, takardun da ban tura ba sai na gadon kakana. Af, kar wani ya ce ku leƙa Belfast don babu shinge a hanya. Can ƙarƙashin Birtaniya yake, bizar Ailan ba ta kai can.

Maman Ilham:
Na gode duka. Ni dai har yanzu ina ganin ban yi kuskure ba, don in Hajiya ta samu jam'i da naman da ta yarda da shi, rabin magana ya ƙare. Na nuna wa maigida abin da kuka rubuta, ya ce shi da ma Galway ya so, wai bai faɗa ba ne don kar in ce ya raina ƙoƙarina. Yanzu kuma Hajiya ta kira ta ce wataƙila da 'yar ƙanwar tata za su taho, in takardunta sun fito. Gidan da na kama ɗaki biyu ne.

Baban Yusra:
Har yanzu ba ki faɗi kwana nawa za ku yi ba.

Kawu Sani:
Westport dai.