Na gaji da cike takardar tambayoyin da wani ya tsara: ina mai ilimin zamantakewa zai dosa a harkar lafiya?

Bahaɗejiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan hanya.

Ilimin zamantakewa na karanta, digirin farko da na biyu. Shekara huɗu ke nan abin da nake samu shi ne aikin tattara bayanai a ƙungiyoyin lafiya: a yi mana horon kwana biyar, a miƙa mana waya mai ɗauke da tambayoyi, mu shiga ƙauyuka mako uku, mu dawo a sallame mu. Alhamdu lillahi, da shi na biya kuɗin makaranta. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

A wani ƙauye a Jigawa na zauna da wata mata tana goyon ɗanta na bakwai. Tambayar ita ce me ya sa ba ta haihu a asibiti ba, amsoshin da aka tanada kuwa biyar ne: tsada, nisa, maigida bai yarda ba, ba ta ga buƙata ba, sai al'ada. Ta ɗauko katinta ta nuna mini, sau huɗu ta je awo. Ta ce daren da naƙuda ta kama ta, mijinta da kansa ya ɗaura wa shanu amalanke, suka isa ƙaramin asibitin wajen ƙarfe biyu, suka tarar da ƙofa a garƙame, ba kowa sai maigadi. Suka juyo, ta haihu a ɗakinta da asuba, tsohuwar ungozoma ta yanke cibi. Na rasa inda zan danna. Na kira mai duba aikinmu, ya ce in zaɓi "nisa" in wuce, muna da sauran gida goma sha biyu kafin la'asar. Na danna. Har yau ji nake na sa wa matar nan maganar da ba ta faɗa ba a baki.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari ce ake yi a asibiti a Najeriya, a arewa maso yamma kuwa 16. Duk taron da na je, da an karanto wannan adadi sai a ce jahilci, a ce kunya, a ce maza. Ban musa kunyar haihuwar fari ba, na gan ta a gidanmu. To ƙofar da ke rufe da dare fa, wa ya ƙirga ta?

A kan wannan nake son yin digiri na uku. Ina ake karɓar wadda ba likita ba ce? Wa ke ba da kuɗin bincike ga wadda ba ta koyarwa a jami'a? Ina tambaya da gaggawa, domin tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, ko aikin mako ukun ma ya yi wuya.

Bazazzagi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma abin da kika kawo ya fi rabin abin da ɗalibai ke zuwa mini da shi. Su taken bincike suke kawowa, ke tambaya kika kawo.

Kada kowa ya ce miki wannan gonar likitoci ce. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Maganin yana nan, firji yana nan, yarda ce babu. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma suna tambayar abin da ya sa ake bin su gida da ɗigon baki kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi. Masu nazarin al'umma irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, wadda ta yi aikinta nan Zariya, su suka rubuta wannan dalla-dalla. Sai da aka shigo da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi a 2009 al'amari ya fara juyawa, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agustan 2020.

Batun wuri, ki fara da kusa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar al'umma da manufofin lafiya, wadda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranta. Tana cikin waɗanda suka yi babban gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2023. Kafin a soma gwajin sai da aka zauna aka yi hira da ungozomomi da likitoci kan yadda suke gane jini ya yi yawa. Aikinmu ke nan. Kina iya yin rajista a sashen ilimin zamantakewa, ki nemi mai duba aiki na biyu daga ɓangaren lafiyar al'umma.

Kuɗi kuwa, gaskiya ɗaya ce. TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. CARTA ma, haɗakar jami'o'in Afirka mai horar da masu bincike, sai kina aiki a jami'ar da ke cikinta, a Najeriya kuwa Ibadan ce da Ife. Wanda ya fi dacewa da ke shi ne tallafin da SSRC, majalisar binciken ilimin zamantakewa da ke Amurka, ke ba sabbin masana zamantakewa a Afirka, domin masu digiri na uku a jami'o'in Afirka ake ba, kuma mataki uku ne: na tsara bincike, na fita fili, na kammala rubutu. Zaman lafiya da tsaro da cigaba suke dubawa, ki riƙe wannan. Kafin nan, shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya yana da kwas kyauta a intanet kan binciken yadda ake aiwatar da shirye-shiryen lafiya, ki yi shi, zai koya miki harshen da masu ba da kuɗi ke ji.

Shawarata ta gaske: kada ki tsaya a kan matan kaɗai, ki bi kuɗin. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, ba a sa shi a kasafi ba sai 2018. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki. Ki zaɓi asibitoci huɗu ko biyar, ki ga yaushe kuɗin ke isa, wa ke sa hannu, me kwamitin mazaɓa ke cewa, me ake saya. Wannan shi ne nazarin manufa, kuma masu yin sa da Hausa a bakinsu ba su da yawa.

Ungozomar karkara ta amsa:

'Yar'uwa, labarinki ya taɓa ni, don da a garinmu ne, ni ce wadda ba a tarar ba. Ina roƙonki kafin ki rubuta "ma'aikata ba sa zama", ki kwana a irin wurin nan ko dare uku ne.

Ni kaɗai ce ungozoma a asibitinmu. Safe awo, rana rigakafi, yamma cike rajista har kala bakwai. Ba ɗakin kwana, ba katanga, sola ta mutu tun bara, da fitilar waya na karɓi haihuwa ba sau ɗaya ba. Tun da aka sace wani ma'aikaci a garin da ke gaba da mu, mijina ya ce magariba ta same ni a gida. Zuciyata tana wurin matan, amma ni ma ina da 'ya'ya. A 2009 an kawo shirin tura ungozomomi karkara, an zo da ɗoki, da alawus ya fara tsayawa sai aka watse.

Abu ɗaya nake nema wurin masu bincike. An yi mini tambayoyi ya fi sau goma, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ga abin da aka gano. In kin gama, ki dawo ki karanta mana da Hausa, a gaban mai gari da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Hajiya, ki leƙo nan wajenmu. A Yamai akwai cibiyar binciken zamantakewa mai suna LASDEL, an kafa ta a 2001, kuma irin aikin da kike so shi suke yi: mai bincike ya zauna cikin likita (haka muke kiran asibiti) makonni, yana kallo yana saurare, ba takardar dannawa. Rahotanninsu suna shafinsu kyauta, sai dai yawanci da Faransanci.

A 2006 gwamnatin Nijar ta ce magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, tiyatar haihuwa ma kyauta. Mata suka cika likita. Amma gwamnati ba ta mayar wa wuraren kuɗinsu a kan lokaci ba, bashi ya taru, magani ya ƙare, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Masu binciken LASDEL ne suka bi diddigin wannan. Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar, ya nuna cewa bayan ƙa'idar da ke rubuce akwai wata ƙa'idar da ma'aikata ke bi a aikace, kowa ya san ta, ba a rubuta ta ba. Rufe ƙofa da dare irinta ce. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, dokar lafiya biyu. Wanda ya kwatanta su zai ga abin da na gefe ɗaya ba zai gani ba.

Bahaɗejiya ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Anti ungozoma, maganarki ta sauya mini tambayar gaba ɗaya. Da niyyata in tambayi mata abin da ya hana su zuwa. Yanzu so nake in san abin da ke faruwa a ƙaramin asibiti daga magariba zuwa asuba: wa ke nan, wa ya tafi, me ya kore shi, ina kuɗin da aka ce an turo. Malam, na ga inda tsaro ya shigo. Zan rubuta shafi biyu cikin makon nan in turo maka ka sa mini jan biro, in ba damuwa. Ɗan Maraɗi, Faransancina na sakandare ne, don Allah ka zaɓo mini rahoto ɗaya kan batun magani kyautan in fara da shi da ƙamus a gefe.

Anti, in hukumar lafiya ta jiharku da kwamitin ɗa'ar bincike suka ba ni izini, za ki yarda in zo in yi mako biyu tare da ke? Zan taho da tabarmata da gidan sauro.