Matsin turbo yana haurawa shi kaɗai a Subaru STI

Salamu alaikum. Subaru WRX STI ce ta 2005, injin EJ257, turbo VF39. Tun da na sa mata salansa mai faɗin inci 3 matsin turbo ya ƙi zama. Na saita shi a 18 psi (ma'aunin matsin iska), amma a giya ta huɗu, da injin ya wuce juyi 5,000, allura sai ta haura 22, kwamfuta ta yanke mai, motar ta yi turjiya.

Na canza tiyo, babu yoyo. Na tsallake solonoid (na'urar da kwamfuta ke daidaita matsin da ita), na haɗa tiyo kai tsaye da wesget (ƙofar da ke sakin hayaƙi don rage matsin turbo). Matsin ya fara a 8 psi, ya sake hawa har 16. Sandar wesget tana buɗewa sosai, na gwada da famfon iska. Abin ya ishe ni, ina tsoron kada fiston ya lalace.

Faɗaɗa ramin wesget ɗin ciki zai wadatar, ko dole sai na waje mai milimita 38?