Ɗinkin kayan sallar marayu, wane yadi za mu ɗauko?

Sadiya: Salam 'yan uwa. Mu 8 ne masu keke bana, yaran da aka rubuta kuma sun kai 30. Jibi za mu shiga Kwari in sha Allah, me kuke ganin ya fi, atamfa ko yadi?

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Na mata dai atamfa, turmi yadi 6 ne, in ƙanana ne zai fitar da na yara 2 har da ɗankwali.

Auwalu Tela: Ƙanwata don Allah ki tsaya ki ji kafin ku fita. Bara mun yi irin wannan a unguwarmu, muka ga yadi mai arha muka ɗauko bandir guda ba wanda ya ce a gwada, muka yanka kufta da wando ba awo, ƙiyasi kawai, wannan ɗan shekara 7 ne wancan 10. Ranar rabo wani yaro ya saka wandon ya tsaya masa a ƙwauri, yana ta jan shi ƙasa ya kasa ɗago kai ya kalle mu, wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wanki ɗaya kuma yadin ya zuba ya tsuke. Ku fara karɓo ƙyalle ku jiƙa da omo ya kwana ku gani, sannan ku bi gida-gida da tef, a bar inci 2 a kalmasar ƙafar wando yadda uwar za ta warware in ya ƙara tsawo.

Maman Walid: Allah sarki yaron nan.

Habu: Ni dai kar a dogara da keken lantarki, wuta ba tabbas cikin azumi. Butterfly ta ƙafa ta ishe ku.

Zee: Yaya Habu Singer ɗin kakata ta girmi Butterfly ɗinka kuma ba ta taɓa tsinka zare ba 😄

Habu: Kawo ta mu gani to.

Anti Bilki: Ku bar zancen keke. Wajen awon nan mace ta auna mata, kuma ban yarda a jera yara a ɗau hoto a watsa Facebook ba, iyayensu mata suna jin nauyi.

Nura: Almajiran tsangayar bayan masallaci fa? Su ma ba su da na sallar.

Anti Bilki: Nura kuɗin marayu aka ce wa mutane da aka karɓa, ba a juya shi. A buɗe musu nasu asusun daban, ni zan fara sakawa.

Sadiya: To na mazan fa, shadda ko yadi? Har yanzu ba wanda ya ce min komai.

Auwalu Tela: Ki biyo shago gobe bayan la'asar ki karɓi tef 2 da alli, sai mu yi maganar.