Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Iyakar Ƙarfin Jarumi a Wasan Tebur?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Na zo muku da wata kalma da ta tsaya mini a rai tun da na fara fassara wa ƙannena da abokansu dokokin wasan Dungeons & Dragons, wanda muke zama mu yi a Unguwar Rimi duk yammacin Asabar. Kalmar ita ce cap, wadda masu wasan ke faɗa idan suna nufin adadin da ƙarfin jarumi ba ya haurawa.

Ga wanda bai san wasan ba, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a shekarar 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda a rubuce a takarda, jarumin kuma yana da siffofi shida da ake aunawa da lamba, ciki har da ƙarfin jiki. A tsarin farko, 'ya'yan ludo uku ake jefawa a haɗa abin da ya fito, saboda haka lambar ba ta gaza 3 ba ta wuce 18, ita 18 ɗin kuwa a lissafi sau ɗaya take faɗowa cikin jifa 216.

Da na fara tambaya, kusan kowa cewa ya yi iyaka. Ba kuskure ba ne, amma kalmar ta yi faɗi, domin ƙasa tana da iyaka, gona tana da iyaka, haƙuri ma yana da iyaka. Wani ya kawo takunkumi, na ce takunkumi horo ne, jarumin kuwa bai yi laifin komai ba.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne sake karanta bugu na biyar, na shekarar 2014, inda na lura cewa iyakoki biyu ne ba ɗaya ba. Jarumin ɗan wasa ba ya iya kai ƙarfinsa sama da 20 ta hanyar ƙarin matsayi, alhali manyan dodanni suna kaiwa 30, kuma daga nan lissafin ya ƙare. Tsakanin lambobin biyu akwai ƙofofi: mayaƙin jeji da suke kira Barbarian yana iya kaiwa 24 idan ya hau mataki na 20, wanda kuma ya ɗaura gurun ƙattai yana samun daga 21 har 29, gwargwadon irin gurun.

Don haka shawarata ita ce mu kira 20 geji, mu kira 30 maƙura. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a Kawo ya ga ma'anar geji da idonsa. Zai durƙusa ya danna ma'auninsa a bakin taya, ya duba, ya ƙara iska kaɗan, ya sake dubawa, sannan ya zare tiyo ya ce ta kai geji. Ba wai tayar ba za ta ƙara ɗaukar iska ba ne, a'a, nan ne aka ga ya dace a tsaya don tafiya ta yi daidai. Haka 20 take. Mai ƙarfi 20 yana ƙara maki 5 ne kacal a kan jifarsa, kuma an tsayar da shi nan don kada ƙananan abokan gaba su zama abin banza. Dokar ɗaukar kaya ma ta nuna cewa awon ɗan Adam ne: ana ninka ƙarfi sau 15 a laba, wato laba 300, kusan kilo 136, bai cika buhun siminti uku ba. Maƙura kuwa daga ƙurewa ta fito, wurin da babu sauran gaba.

Wata malama ta yi mini gyara cewa geji kalmar aro ce. Gaskiya ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida, tunda dattawanmu ma suna cewa abu ya wuce geji. Kuma tarihin wasan yana goyon bayanta, domin geji abu ne da hannu ke matsarwa. A littafin dokokin wasan na 1978 mayaƙi namiji yana iya kaiwa 18/00, wato 18 da ƙarin maki ɗari cif, mace kuwa an tsayar da ita a 18/50, wato 18 da ƙarin hamsin kacal, abin da ban ga hujjarsa ba a duniyar da dodanni ke shawagi a sama; bugun 1989 ya cire wannan bambanci, na 2000 kuma ya ɗage gejin gaba ɗaya kafin a dawo da shi.

Asabar ɗin da ta wuce na gwada kalmomin a tebur. Ƙaramin cikinsu ya nemi ya kai jaruminsa 22, na ce masa ya kai geji, sai dai in ya samo guru. Bai nemi ƙarin bayani ba, sai ya ɗauki fensirinsa ya tambaye ni a wane kogo ake samun gurun. 'Yan'uwa na Zariya da Kano, ina roƙon ku gaya mana ko haka geji yake a bakinku, kafin in buga takardun jarumai da kalmomin biyu a kai.