Hoton Peale na 1822: kamanninsa ya zana ko talla ya yi?

Mai Burushi: Ni dai ra'ayina, hoton da mai zanen Amurka Charles Willson Peale ya zana kansa a 1822, yana ɗage jan labule, talla ce ga gidan tarihinsa na Filadelfiya. Masu kula da gidan ne suka ba shi aikin, kuma tsayin zanen ya haura mita biyu da rabi.

Malamar Tarihi: Malam, a bi a hankali. Shekarunsa 81 a lokacin, kuma bai ɓoye tsufa ba, ga sanƙo ga furfura. Mai neman yabo ai da ya rage wa kansa shekaru.

Mai Burushi: Malama, ban musa fuskar ba, ɗakin ne aka gyara. Kafin babban aikin an yi zanen dogon ɗakin benen Independence Hall, ginin da gidan tarihin yake ciki, da fentin ruwa, ɗansa Titian ya sa hannu a aikin, zanen yana birnin Detroit yanzu. Akwatunan tsuntsaye na nan, amma babu ƙwarangwal ɗin mastodon, giwar zamanin da wadda ya tono kusa da garin Newburgh na jihar New York a 1801. A babban zanen sai ga ta a bayan labule, rabi a ɓoye, don mai kallo ya yi marmarin shiga.

Mai Gyaran Zane: Ku dubi hasken. Daga bayansa yake zuwa, ya sauka a kan sanƙon, fuskar kuwa tana inuwa. Wannan shi ne mafi wuya ga mai zana kansa a madubi. In inuwar ta yi duhu fuskar ta dagule, in aka cika fari sai ta yi kamar alli. Kuma duk juyawa daga madubi zuwa ƙyallen zane kai yana gocewa, shi ya sa ake yin alama a ƙasa inda ƙafa za ta tsaya. Wanda talla kawai yake so ba zai ɗora wa kansa wannan wahala ba.

Malamar Tarihi: Ga kuma talotalon da ke gabansa kusa da akwatin kayan aikin adana matattun tsuntsaye. Da gubar arsenik yake jiƙa fatun tsuntsaye don kada ƙwari su cinye su. Sana'arsa ce ya shimfiɗa a gaban jama'a.

Mai Burushi: Na yarda da batun haske. Amma mastodon ɗin fa, wa ya kawo ta ɗakin?